Kirari ba ya zama a 4/4: yadda ake rubuta waƙa marar bugu a manhajar nota

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibi a Ƙaura Namoda da ke rubuta kundin digiri na biyu a kan kirarin 'yan dambe da shimfiɗar waƙoƙin fada. Malaminsa ya ce ya haɗa da rubutun nota na wasu misalai. Ya ɗora MuseScore, manhajar rubuta notar kiɗa, a kwamfutarsa, amma duk abin da ya shigar sai ta yanka masa shi da layukan tsaye, ta raba nota ɗaya biyu, ta cike ragowar da alamun shiru. Yana son ya san yadda zai kawar da layukan nan gaba ɗaya, ko kuwa dole sai ya nemi wata manhaja.

Ƙanena, ba sai ka sauya manhaja ba tukuna. MuseScore tana yin aikin nan, illa dai ba dominsa aka gina ta ba, sai an yi mata dabara. Domin mu fahimci juna, layukan tsayen nan zan kira su shinge, filin da ke tsakanin shinge biyu gida, lambobin da ke farkon layi irin su 4/4 da 6/8 kuma lambar awo. Baƙar nota mai kara marar wutsiya ita ce rubu'i, mai wutsiya ɗaya kuma sumuni, rabin rubu'i ke nan.

Shingen da kake gani a allo ba shi ne matsalarka ba. Matsalar lissafin da ke bayansa ce. A cikin MuseScore kowace waƙa jerin gidaje ce, kuma kowane gida yana da adadin lokacin da dole ya cika, ba ragi ba ƙari. Ko ka ɓoye shingen, lissafin yana nan yana aiki. Ɗauki wannan jimla da na ƙirƙira don misali: "Sannu da zuwa gwarzon maza." Gaɓoɓi tara ne. Ka ba gaɓa mai nauyi rubu'i, marar nauyi sumuni: san biyu, nu ɗaya, da ɗaya, zu ɗaya, wa biyu, gwar biyu, zon biyu, ma ɗaya, za biyu. Jimla sumuni 14. Gidan 4/4 sumuni 8 yake ɗauka. Idan ka ƙidaya za ka ga "gwar" ta fara a sumuni na takwas ta ƙare a na tara, wato ta hau shinge. Nan take manhajar za ta fasa ta gida biyu ta ɗaure su da ɗan lanƙwasasshen zare, sannan a ƙarshe ta liƙa maka shirun sumuni biyu da mai kirarin bai taɓa yi ba. Idan ka ɓoye shingen ka bar wannan, mai karatu zai ga gaɓa ɗaya da nota biyu ba gaira ba dalili. Kuma ko da ba a ga shingen ba, duk wanda ya iya karatun nota zai ji shi, domin ɗaurin ya tona asiri.

Amma kafin ka taɓa komai a kwamfuta, akwai aikin kunne da ya kamata ya riga aikin hannu, kuma a nan ne na fi ganin ɗalibai suna zamewa. Ba duk abin da ya gagare ka ƙidaya ne marar bugu ba. Abubuwan da ka naɗo za su kasu uku, kuma kowanne rubutunsa daban.

Akwai wanda da gaske ba shi da bugu: ɗan dambe ya ji takensa ya tsumu, ya fito tsakar fage, kalangu ya tsagaita, ya ɗaga hannu yana zuba kirari. Tafiyar maganarsa numfashinsa ne ke mulkinta da nauyin gaɓoɓi da zafin zuciyarsa. Haka sanƙira idan yana yi wa basarake kirari, haka busar sarewar makiyayi shi kaɗai a daji. Akwai kuma wanda yake da bugu sarai, kunne ne bai kama shi ba. Rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba kiɗa ita ce ta fi yaudarar mutane. Waƙoƙin wa'azi irin na gadon malaman jihadi, su Malam Abdullahi na Gwandu, a kan ma'aunin aruli aka gina su, kuma mai rerawa sau da yawa yana tafiya a kan bugu tsayayye ko da ba ganga a kusa. Rashin ganga ba ya nufin rashin awo. Sai na uku, wanda ya fi wuya kuma ya fi yawa a waƙar fada: kotso na tafiya daram a kan bugunsa, 'yan amshi na shigowa daidai inda suka saba, jagora kuwa yana yawo a samansu, ya riga su nan, ya jinkirta can. Duk wanda ya saurari makaɗan kotso na ƙasar Maradun, irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ya san abin da nake nufi. Idan ka cire shingaye a irin wannan ka ce waƙar ba ta da awo, ka yi wa makaɗan ƙarya, ka zubar da ainihin gwanintar jagoran, wadda ita ce wasa da bugun da kowa a fagen yake ji.

Gwajin ba shi da wuya. Buɗe sautin a Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ce. Kunna shi kana buga ƙafa inda jikinka ya ba ka, kana danna Ctrl da M a kowane bugu, za ta riƙa ajiye alama a wurin. Bayan minti ɗaya ka tsaya ka dubi tazarar alamun. Idan sun jeru kusan daidai wa daida, akwai bugu, ka nemo lambar awonsa, ko mai rabuwa biyu ne ko mai rabuwa uku irin 6/8 da 12/8. Idan kuwa ƙafarka ta riƙa ɓata tana sake nema, ka sa wani ma ya gwada, musamman makaɗi. In shi ma bai sami inda zai ajiye ƙafa ba, to ka shigo kashi na farko. Wannan rarrabewa tsohuwa ce a fannin. Béla Bartók, mutumin Hangari da ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin manoma a farkon ƙarni na 20, ya raba su gida biyu, masu bin tafiyar magana da masu bin tsayayyen bugu irin na rawa, kuma yakan rubuta a saman kowace waƙa ko wace iri ce.

To, mu ce kirari ne tsantsa. Shawarata ita ce kada ka yi ƙoƙarin zuba shi duka a gida ɗaya mai tsawo, kuma kada ka share shingaye kwata-kwata. Ka mayar da kowace saɗara gida guda, wato daga inda mai kirari ya ja numfashi zuwa inda ya sake ja, sannan ka rage shingen ya koma ɗan tsinke a saman layi.

Ga yadda ake yi. Ka fara da rubuta kalmomin a takarda, saɗara-saɗara, ka ƙidaya nauyin kowacce kamar yadda muka yi a sama. A MuseScore ka danna gidan farko da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Measure properties. Za ka ga tsawon gida iri biyu, Nominal da Actual. Na farkon shi ne abin da lambar awo ta ce, na biyun shi ne abin da gidan zai ɗauka a zahiri, kuma shi kake da ikon sauyawa. Ka mayar da shi 14 bisa 8. Yanzu jimlarmu za ta zauna cif, ba fasawa ba ciko. Gida na biyu wataƙila 9 bisa 8, na uku 22 bisa 8, kowanne da nasa. Idan ƙidayar ta ishe ka, akwai hanya ta biyu: kana cikin shigar da nota, ka riƙe Ctrl da Shift ka danna harafin notar, sai ta kutsa ciki gidan ya ƙara faɗi da kansa. Shirun da ya yi saura a ƙarshe kuwa ka zaɓe shi ka danna Ctrl da Delete. Delete kaɗai ba ya cire lokaci, shiru yake bar maka a gurbin. In kuma ka riga ka shigar da komai a 4/4 kamar yadda na fahimta daga tambayarka, ba sai ka faro daga tushe ba. Zaɓi gidajen da suka haɗu suka yi saɗara ɗaya, ka shiga Tools, sai Measures, sai Join selected measures. A wuri ɗaya za ka ga umarnin raba gida daga kan notar da ka zaɓa. Sai dai notocin da aka riga aka fasa ka duba su ɗaya bayan ɗaya ka sake rubuta su.

Lambar awon da ke farko ka danna ta ka latsa V, za ta koma toka-toka a allo, ba za ta fito a bugu ba. Lambobin gidaje ka kashe su a Format, Style. Shingayen kuma ka zaɓi ɗaya, ka yi amfani da Select Similar ka kama sauran, sannan a cikin Properties ka ba su siffar Tick. Akwai wani akwati a Staff/Part properties mai suna Show barlines wanda idan ka cire masa alama duk shingayen layin za su ɓace lokaci guda. Yana da amfaninsa, zan zo kansa, amma ko za ka yi amfani da shi ka bar shi sai ƙarshen aiki. Gyaran gidajen da ba ka ganin iyakarsu wahala ce kawai.

Dalilin da ya sa na nace a kan tsinken nan shi ne shinge ba ƙidaya kaɗai yake yi ba. Akwai wasu ayyuka da ke rataye a wuyansa, kuma ranar da ka kore shi da su zai tafi.

MuseScore ba ta karya layi sai a kan shinge. Idan ka zuba kirarin minti biyu a gida ɗaya, za ta matse notocin har su hau juna, ko su zarce bakin takarda, kuma ba inda za ka danna ta sauko layi na biyu. Da saɗara-saɗara kuwa, ka zaɓi gida ka danna Enter, ta karya a nan. Har ma kana iya sa kowace saɗara a layinta, yadda mai duba kundinka zai ga fasalin kirarin kamar yadda yake ganinsa a rubutun baiti. In saɗara ta yi tsawon da layi ɗaya ba zai ɗauke ta ba, ka raba ta a ƙarshen wata kalma, wannan shingen guda ɗaya ka ɓoye shi da V.

Sai alamun ɗaga sauti da saukar da shi, ♯ da ♭. Ƙa'idar da kowa ya koya ita ce alamar tana aiki har zuwa shinge na gaba. To idan shingen ɓoyayye ne fa? Manhajar ta san inda yake, ta soke alamar a can, ta ci gaba da rubuta notar ba alama. Mai karatu bai ga komai ba, yana nan yana ɗaukar ♭ ɗin da ya gani tun farkon layi. Shi da kwamfutar sun rabu ke nan, kuma ba wanda zai lura sai ranar da wani ya ɗauki takardar ya rera. Da tsinke a bayyane, ka rubuta jimla ɗaya a ƙasan misalin farko cewa alama tana aiki zuwa tsinke na gaba, magana ta ƙare. Abin da ya fi wannan sauƙi ma shi ne ka rage buƙatar alamun tun farko. Da yawa daga waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke yawo. Ka matsar da duka rubutun sama ko ƙasa har ya zauna a inda ba ya bukatar ♯ ko ♭, sannan ka nuna ainihin sautin da mawaƙin ya fara da shi a gefe. Bartók ma haka ya riƙa yi, yana mayar da waƙoƙin su ƙare a kan sauti ɗaya domin a iya kwatanta su.

Gadar da ke haɗa wutsiyoyin sumuni ita ma daga lambar awo take karɓar umarni. Ko ka ɓoye 4/4, za ta ci gaba da ɗaure notoci rukuni-rukuni yadda ya dace da 4/4, ido kuma ya ga bugun da babu shi. Ka zaɓi duka, ka cire gadojin daga Beam properties, sannan ka haɗa kawai notocin da aka rera a kan gaɓa ɗaya, kamar inda mai waƙa ya ja "za" ya lanƙwasa ta sau uku. Wannan tsohuwar al'adar rubuta waƙar murya ce, kuma ta fi dacewa da mu fiye da sabuwar.

Yanzu maganar da ta fi dukan waɗannan nauyi: wane tsawo za ka ba kowace nota? Rubu'i da sumuni da na yi amfani da su a misali sun dogara ne a kan cewa gaɓa mai nauyi ninki biyu ce ta marar nauyi. A lissafin aruli haka ne. A bakin ɗan dambe da jini ya hau ba haka ba ne daidai. Yana iya murƙushe gaɓoɓi shida cikin daƙiƙa ɗaya, ya zo kan sunan garinsu ya tsaya ya ja shi. Ina ganin ɗalibai suna auna wannan da na'ura sannan su nemi notar da ta yi daidai, sai takarda ta cika da wutsiya uku-uku da ɗigo biyu-biyu da rukunin bakwai cikin huɗu. Ba mai iya karanta wannan, kuma yana nuna kamar mai kirarin lissafi yake yi. Masanin kiɗa Charles Seeger ya bambanta a 1958 tsakanin rubutun da ke gaya wa makaɗi abin da zai yi da rubutun da ke bayyana abin da aka riga aka yi. Naka na biyun ne, amma bayyanawa ba ta nufin cusa duk abin da na'ura ta gani. Ka tambayi kanka me babin kundin yake son nunawa.

Idan alaƙar nauyin gaɓa da tsawon sauti kake nazari, rubu'i da sumuni sun isa, ka ƙara alamar tsayawa, wato ɗan baka mai ɗigo, a kan gaɓar da aka ja, ka rubuta a sama cewa tsawon kimantawa ne. Idan kuwa saurin zubowar maganar da tsayawarta ne abin dubawa, ka cire karan notocin gaba ɗaya ka bar kawuna kawai. A Staff/Part properties, cikin Advanced style properties, akwai Stemless. Baƙin kai gajere, farin kai dogo. Sannan a saman kowane tsinke ka rubuta lokacin da aka kai wurin a cikin sautin da ka naɗa: 0:00, 0:04, 0:07, 0:13. Daga waɗannan lambobi kaɗai mai karatu zai ga saɗara ta uku ta ɗauki daƙiƙa shida alhali ta biyu uku ta ci, kuma zai iya komawa faifan ya tabbatar. Ni wannan na fi so, domin ba ya da'awar abin da bai sani ba. Mai son tazarar takarda ta yi daidai da tazarar lokaci kuma yana iya mayar da Spacing ratio zuwa 2 a cikin Style na MuseScore 4, sai dai dogayen kalmomi a ƙarƙashin nota sukan ture tazarar su ɓata lissafin, don haka lambobin daƙiƙa ba sa rasa amfani.

Wani abin da ban ga ka tambaya ba amma zai tare ka: kirari da yawa ba rerawa ba ne sosai, kuma ba magana ba ce ta yau da kullum. Muryar tana hawa da sauka ne bisa karin sautin kalmomi, tana gangarowa sannu a hankali daga farkon saɗara zuwa ƙarshenta, sannan ta sake hawa da sabon numfashi. Idan ka ɗora wannan a layuka biyar da kawuna zagayayyu, kana cewa ga do ga re ga mi, mai karatu kuma zai rera shi kamar waƙar makaranta. Ka mayar da kawunan su zama ×, wanda shi ne alamar magana mai kari. In ka ga dama ma ka rage layukan su koma uku ko ɗaya a Staff/Part properties, sama da tsakiya da ƙasa kawai. Inda kake son nuna gangarowar da idon basira, hoton layin murya daga Praat, manhajar nazarin furuci da aka yi a Jami'ar Amstadam, ya fi kowace nota faɗin gaskiya, kuma ana iya liƙa shi a ƙarƙashin rubutun.

Ƙa'idar numfashi tana da inda take karyewa. Mai algaita ba ya tsayawa. Kumatunsa cike suke da iska, yana tura ta waje yana shaƙar wata ta hanci, sautin kuma bai yanke ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mabusan Sarkin Kabi a lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya ga kumatun nan. Idan busa za ka rubuta, ka nemi inda yake komawa ya huta a kan sautin da ya mayar gida, ko inda taken da yake faɗa ya ƙare, can za ka sa tsinke. Hanya mafi tabbas ita ce ka tambayi mabushin me algaitar take cewa, ka rubuta kalmomin, su za su nuna maka gaɓar yanka. Haka taken kalangu idan makaɗi yana magana da shi ba kiɗan rawa yake yi ba.

Kashi na uku fa, jagora a sake a kan ganga mai awo? A nan layi biyu ko uku za ka buɗe: murya, amshi, ganga. Ka bar lambar awo ta gaskiya tana aiki, ka bar shingaye cikakku a layin ganga da na 'yan amshi. A layin jagora kaɗai ka cire alamar Show barlines, ka sa Stemless. Kowace gaɓa ka ajiye kanta a daidai inda ta faɗo idan aka kwatanta da bugun gangar, ko da a ɗan ƙaramin yanki ne na bugun, shirun da manhajar ta cike tsakani kuma ka ɓoye su da V. Inda ya ja sauti ya tsallake shinge, ka ja layi a kwance daga kan notar maimakon ɗauri. Aiki ne mai cin rai, ba na ɓoye maka. Amma idan ya kammala, ido yana ganin abin da kunne ke ji: ga gangar a ƙasa ba ta motsa ba, ga jagora ya shigo kafin bugu, ga inda ya miƙa wa 'yan amshi gindin waƙa daidai kan lokaci. Misali ɗaya mai kyau irin wannan, ɗa guda na waƙa da amshinsa, ya fi shafi goma na rubutun da aka daddatse.

Game da sauran manhajoji, Dorico ta kamfanin Steinberg, wadda ta fito a 2016, ita ce aka gina tun asali ba tare da tilasta gida ba. Ka danna Shift da M ka rubuta open, shi ke nan, ka yi ta zuba nota ba shinge, ka sa shi inda kake so da Shift da B, kuma tana iya karya layi a tsakiyar gida. Ga aikin kashi na uku ta fi kowacce sauƙi, domin idan ka rufe umarnin da Alt da Enter, layi ɗaya kaɗai zai karɓa, murya ta zama a sake ganga na 12/8. Tana da ƙaramin sigar kyauta mai suna Dorico SE wanda ya ishi irin aikinka, in kwamfutarka za ta ɗauka. LilyPond kyauta ce kuma ba ta da nauyi, amma rubuta umarni ake yi kamar mai shirya manhaja: \cadenzaOn yana tsayar da ƙidaya, \bar "" yana ba da izinin karya layi ba tare da an ga komai ba. Bugunta yana da kyau ƙwarai, sai dai ban ba ka shawarar koyonta kana tsakiyar kundi ba. Sibelius dabararta kusan irin ta MuseScore ce, gida marar daidaito da ɓoyayyen shinge, ga kuma kuɗi. Finale kuwa kamfaninta ya sanar da daina ta a watan Agustan 2024, kada wani mai shagon kwamfuta ya ɗora maka tsohon kwafi ya ce ita ce ta ƙwararru.

Kada ka damu da yadda kwamfutar ke kunna abin da ka rubuta. Za ta buga shi a sandare, kuma mutum yakan fara gyara rubutu don ya gamsar da ita, har ya kauce wa abin da ke faifan. Ka yi amfani da kunnawar don kama kuskuren hawa da sauka kawai.

Kalmomi ana shigar da su da Ctrl da L, karan ɗori yana kai ka gaɓa ta gaba, tazara tana kai ka kalma ta gaba. Ka duba ƙ da ɗ da ɓ da kyau bayan ka fitar da shafin, domin ba kowane salon haruffa ne yake da su ba, wani sai ya aro su daga wani salon su fito a karkace. Charis SIL da Noto Serif duk suna da su. Idan za ka kai wa malaminka ko mai buga kundi, ka ba su PDF ko hoto. Fayil ɗin MusicXML da ake musaya da shi tsakanin manhajoji yakan zubar da irin waɗannan gyare-gyare a hanya, ɓoyayyen shiru ya bayyana, tsinke ya koma cikakken shinge. Kuma a gaban misali na farko ka sa ɗan sakin layi da ke faɗin abin da tsinke yake nufi, da ma'anar baƙin kai da fari da ×, da iyakar aikin ♯ da ♭, da sunan fayil ɗin sautin da lambobin daƙiƙa suke nuni gare shi, domin cikin masu jarraba ka da wuya a sami fiye da mutum ɗaya da ya saba da irin wannan rubutu.